Tambayoyinku kan mota: idan sigina ta ƙi ƙiftawa

Wasiƙun wannan karon kusan duka kan abu guda suka taru: fitilun juyawa, wato sigina ko kilinyota kamar yadda ake cewa a garejojin Yamai da Tawa, da kuma detires, maɓallin nan mai jan kusurwa uku da ke kunna su gaba ɗaya. Masu gyaran wutar mota ne suka amsa. Roƙonsu ɗaya ne kafin a shiga: kada a sayi komai sai an gwada.

Assalamu alaikum. Ina aikin taksi da tsohuwar Toyota Starlet. Sigina ta mutu, hagu da dama, ko ƙara ba ta yi. Amma in na danna detires duka huɗun suna ƙiftawa lafiya lau. Wani yaro a gareji ya ce santaral ne, in je in sayo. In saya?
*Mai taksi, Wadata, Yamai*

Wa alaikumus salam, Malam. Riƙe kuɗinka tukuna. Danna detires ɗin da ka yi ya riga ya gama maka rabin aikin. A motarka, kamar yawancin tsofaffin motocin Japan da Turai, santaral guda ne, wato ɗan akwatin da ke sa fitilun ƙiftawa, yake yi wa sigina da detires aiki. Tunda huɗun suna ƙiftawa, to santaral ɗin lafiyarsa ƙalau, ƙwan fitilun ma haka, har da wayoyin da ke kai musu wuta. Abin da ya saura uku ne: fizibil ɗin sigina (fis ɗin da ke ƙonewa in wuta ta yi yawa), maɓallin detires da kansa, sai komodo, sandar da kake turawa a gindin sitiyari.

Dalilin da maɓallin detires ya shigo lissafi shi ne wutar sigina ta cikinsa take bi. Wayoyin wuta biyu ne ke shiga maɓallin. Ɗaya tana zuwa kai tsaye daga batir, domin detires ya yi aiki ko an cire makulli. Ɗayar kuma sai an buɗe kontak take samun wuta, ita ce ta sigina. Idan maɓallin yana kashe, wutar kontak yake miƙa wa santaral, idan an danna shi sai ya koma ta batir. Direban da ya shekara bai taɓa maɓallin ba, ƙurar hunturu da tsatsa sun samu wurin zama a kan ƴan faifan tagullar da ke ciki, sai ɓangaren sigina ya yanke alhali na detires yana aiki.

Ka fara da fizibil. A tsofaffin Toyota an rubuta TURN a murfin akwatin, galibi ampiya 7.5 ne mai ruwan ƙasa ko 10 ja. Kada ka dogara da ido kaɗai, wani yakan tsage a inda ba a gani. Haɗa ƙwan gwaji: ƙaramin ƙwan fitila mai wat 5, da waya biyu, ɗaya ka maƙala a ƙarfen mota mara fenti, ɗayar ka riƙa taɓawa da ita. Buɗe kontak, ka taɓa ƴan ramukan ƙarfe biyu da ke bayan fizibil ɗin. Duka biyun su kunna ƙwan. In ɗaya ne kawai ya kunna, fizibil ya tafi.

In yana da kyau, danna maɓallin detires ka sake shi kamar sau ashirin a jere, da ɗan ƙarfi, sannan ka gwada sigina. Sau da yawa nan take dawowa, kuma hakan ya tabbatar da inda cutar take. Sai a ciro maɓallin, a fesa masa maganin wanke hanyoyin wuta, ko a canza shi.

In har yanzu shiru, nemi santaral a ƙarƙashin tabulo, allon gaban mota, ta gefen direba. Kunna detires ka bi ƙarar da kunne, ka sa yatsa za ka ji yana bugawa. Na motocin Japan ƙafa uku gare shi: B wutar da ke shiga, L wadda ke fita zuwa komodo, E kuma mas, wato hanyar da wuta ke komawa batir ta jikin ƙarfen mota. Da kontak a buɗe, detires a kashe, B ya kamata ya kunna ƙwan gwaji. Bai kunna ba, laifin maɓallin ne ko wayarsa. Ya kunna, sai komodo: duba fish ɗinsa, wato mahaɗin wayoyinsa, da ke ƙarƙashin murfin sitiyari ko ya saki, domin komodo bai cika mutuwa hagu da dama a rana guda ba sai in wayar da ke shiga cikinsa ce ta yanke.

Ga masu matsalar da ta juya, sigina na aiki detires ba ya yi, ku danna oda. A Toyota da yawa fizibil guda ne, an rubuta HAZ-HORN. Santaral ba ya zama abin zargi sai sigina da detires sun mutu tare kuma fizibil biyun suna da kyau. A ranar ma ka tafi da tsohon a hannu, saboda na motocin Turai lambobi yake ɗauke da su, 49 da 49a da 31, kuma akwai mai ƙafa uku da zai shiga fish ɗinka daram amma wuta da mas sun yi musanyar wuri.

Salamu alaikum. Corolla gare ni. Siginar hagu tana ƙiftawa da sauri kamar ana korar ta, ta dama kuwa daidai take. Na sa ɗana ya duba, ya ce gaba da baya duk suna kamawa.
*Wata malamar makaranta, Yantala, Yamai*

Malama, saurin nan ba lalacewa ba ne, da gangan aka ƙera santaral ya yi haka. Sigina mai lafiya tana ƙiftawa sau 60 zuwa 120 a minti. Kowane gefe yana da ƙwai biyu masu wat 21, gaba da baya, da ƙarami mai wat 5 a jikin mota in akwai shi. Jimla wat 47, kusan ampiya 4 ke nan. Santaral yana auna wannan nauyi, in ya ji ya ragu sai ya ninka sauri don ya sanar da direba cewa wani ƙwai ya mutu.

Tunda duk suna kamawa, a tsaya da yamma a kunna detires a kwatanta hasken hagu da na dama. Za ki ga ɗaya ya fi dushewa. A ciro shi a karanta rubutun da ke gindinsa. Abin da aka fi samu shi ne an sa mai wat 10 ko 5 saboda shi ya shiga ramin. Dole ya zama 12V 21W. In ƙwan daidai ne, to tsatsa ce a mazauninsa take cin wutar, a goge da sanfefa mai laushi, a ɗan ɗago harshen ƙarfen da ke ƙasan ramin domin ya danne gindin ƙwan.

A kula wajen saye. P21W farin gilashi ne, ƴan kunnuwansa biyu suna fuskantar juna, na fitila mai murfi ruwan lemo. PY21W shi ne mai gilashi ruwan lemo na fitila mai farin murfi, kunnuwansa a karkace suke. In aka tura ɗaya a ramin ɗaya da ƙarfi, mazaunin ne zai fashe.

Masu motocin da suka fi taki tsufa, irin masu santaral na gwangwani da ke aiki da zafin ɗan faifan ƙarfe, su akasin haka suke gani: ƙwai ya mutu, ɗayan sai ya tsaya a kunne ko ya riƙa ƙiftawa a hankali. In kuwa gefe biyun ne suke jan jiki idan inji na silo, a auna batir. Volt 12.6 ya kamata a gani in mota na kashe, 13.8 zuwa 14.4 in tana aiki.

Ranku ya daɗe. Ina jan Hiace tsakanin Tawa da Birnin Ƙonni. Tun bayan damina, in na ba da siginar dama sai jar fitilar baya ita ma ta riƙa ƙiftawa dishi-dishi. In na taka birki kuwa sai siginar ta tsaya cik. An canza ƙwai sau biyu, an canza santaral, babu canji.
*Direban haya, Tawa*

Maigida, ƙwai da santaral ba su yi maka laifin komai ba. Mas ne ya tafi a fitilar baya ta dama, kuma a tsohuwar mota babu cutar wuta da ta kai wannan yawa.

Wuta ba ta tsayawa a ƙwai. Takan shiga ta waya, ta ratsa zaren ƙwan, ta fita ta jikin ƙarfen mota ta koma batir. Wannan hanyar komawa ita ce mas. A fitilar baya, sigina da birki da jar wutar dare duk mas guda suke tarayya a kai. In tsatsa ta toshe shi, wutar takan yi abin da ruwan sama ke yi in magudana ta cika da yashi, ta bi ta gidan maƙwabci. Wutar sigina sai ta kutsa ta zaren ƙwan birki da baya-baya, ta tsallaka fitilar hagu ta samu mas a can. Shi ya sa kake ganin ja yana ƙiftawa ba ƙarfi. Da ka taka birki, wannan ɓarauniyar hanya ma ta cika da volt 12, wutar sigina ta rasa mafita, sai ta tsaya.

Gwajin ba ya cin minti biyar. Samo waya mai tsawon kamu biyu. Maƙala kai ɗaya a ƙarfe mai sheƙi a jikin mota, ko ka ja doguwa har kan batir mai alamar ragi in kana son tabbaci. Ɗayan kan ka taɓa jikin ƙarfen mazaunin ƙwan sigina, wani ya taka maka birki sigina na kunne. In nan take komai ya daidaita, magana ta ƙare. Mai mita kuma ya auna tsakanin jikin mazaunin da ƙarfen mota fitila na kunne. Mas mai kyau bai kamata ya wuce volt 0.2 ba.

Gyaran: kwance fitilar, ka bi wayar mas har inda aka ɗaure ta da noti. A Toyota fara ce mai baƙin layi, a motocin Jamus ruwan ƙasa ce. Kwance notin, galibi sifana 10 ce, ka goge zoben wayar da ƙarfen da yake kwanciya a kai har su yi fes, ka ɗaure tam, sannan ka shafa giris kaɗan a sama don ruwa. Giris bayan ɗauri ake sa shi. Duba fish ɗin fitilar ma. In ka ga wata ƙafa ta yi kore ko robar gefenta ta narke ta yi baƙi, can wutar take shan wahala, a yanke a sa sabuwa. Kada ka mayar da fitilar ba ka duba robar da ke bakinta ba, domin ta nan ruwan ya shiga, kuma in murfin ya tsage damina mai zuwa za ka dawo kan wannan aiki.

Abu ɗaya kuma, tunda an taɓa ƙwan sau biyu: na birki P21/5W ne, zare biyu, ɗigo biyu a gindi. In wani ya cusa mai ɗigo ɗaya a wurin, yana haɗe wayar birki da ta wutar dare, har ka ga tabulo na haske in ka taka birki.

Hilux ɗina yana ƙona fizibil ɗin sigina, musamman kan hanyar Abalak inda ake girgiza. Wani ya naɗa mini siririyar waya a wurin, tun lokacin bai sake mutuwa ba. Akwai matsala?
*Ɗan kasuwar dabbobi, Tawa*

Alhaji, don Allah a cire wayar nan yau, kafin motar ta sake hawa hanya. Fizibil ba don kare ƙwai aka sa shi ba, don kare wayoyin mota ne. Yana ƙonewa ne saboda akwai inda wayar wuta ta goge tana taɓa ƙarfe. Yanzu da babu mai yankewa, duk lokacin da ta taɓa, wayar ce da kanta take zafi a cikin damin wayoyin da ke bayan tabulo. Wata rana robar za ta narke ta haɗe da na kusa da ita, kuma daga nan gobarar mota take tashi. Sa mai ampiya 20 ko 30 a gurbin mai 10 shi ma haɗarin ɗaya ne. Launi yana faɗin ƙarfinsu: 10 ja, 15 shuɗi, 20 rawaya, 30 kore. Abin da aka rubuta a murfi shi za a sa.

A fara da lura da lokacin da yake ƙonewa. In sai an ba da hannun dama, to raunin yana wayoyin dama, bayan komodo. In da buɗe kontak ne, yana tsakanin akwatin fizibil da komodo. Naka da ke jiran girgiza, waya ce da ke lilo tana taɓawa tana saki.

Ga dabarar da ke hana ɓarnar fizibil wajen nema. Ɗauki wanda ya ƙone, a haɗa wayoyi biyu a ƙafafunsa, a jona su da ƙwai mai wat 21, a mayar da shi gurbinsa. Cire ƙwan sigina duka na gefen da ake zargi. Cire santaral, a haɗe B da L na fish ɗin da ƴar gajeriyar waya. Buɗe kontak, ka tura komodo gefen. Yanzu ƙwan da ke gurbin fizibil ba zai yi haske sosai ba sai in wayar ta taɓa ƙarfe, kuma shi yake tare wutar, babu abin da zai ƙone. Mutum ɗaya ya sa masa ido, ɗayan ya bi wayoyin yana girgiza su taki-taki. Inda ƙwan ya haska farat, nan ne.

A Hilux a fi tsananta bincike a ƙarƙashin bodi, inda damin wayoyin baya ke bin shasi, da wurin da yake ratsa ramin ƙarfe wanda robarsa ta faɗi, da bayan bamba in an taɓa yin walda ko gyaran jiki. In an ƙara wasu fitilu a bodi, daga haɗinsu za a fara. Motar da ke kwana kusa da buhunan hatsi kuma a tuna da ɓera. In an samu wurin, a yanke, a haɗa da dalma, a rufe, a ɗaure wayar yadda ba za ta sake lilo ba. Murɗa waya da hannu a naɗe da salatif ba ya jure zafin watan Afrilu, gam ɗin narkewa yake.

Na sa ƙwai na LED a sigina gaba da baya don sun fi haske. Yanzu tana gudu sosai. An ce in sa rezistans.
*Ɗalibi, Harobanda, Yamai*

Ɗan'uwa, LED wat biyu ko uku yake ci a inda santaral ke jiran 21, shi ya sa ya ɗauka ƙwai ya mutu. Rezistans ɗin da ake nufi, ɗan abin da ke cin wuta don santaral ya ji nauyin da yake jira, mai ohm 6 ne, wat 50, ana haɗa shi tsakanin wayar sigina da mas, ɗaya ga kowane ƙwai. Yana aiki, amma yana zafi har ya ƙona yatsa, don haka sai an ɗaure shi da sukuru a jikin ƙarfe nesa da roba da wayoyi. Kuma wutar da ka so ragewa shi zai cinye ta, an gudu gara an faɗa gidan zago.

Mun fi son a canza santaral da wanda aka yi don LED, mai tsarin ƙafa irin na motarka. Sai dai ka sani, ta kowace hanya ka bi, motar ta daina gaya maka in ƙwai ya mutu, dole ka riƙa zagayawa kana dubawa. Ka kuma gwada hasken da tsakar rana daga taku talatin. LED mai araha da yawa yana ɗaukar ido da dare, amma cikin ranar Yamai mai babur ɗin da ke bayanka ba ya ganin komai. In haka ne, mayar da mai wat 21.

Mercedes 190 ce. Sigina takan ɗauke in mota ta yi zafi, ta dawo da safe. Wani lokaci har abin share gilashi yakan rikice.
*Tsohon ma'aikaci, Talladje, Yamai*

Baba, wannan mota an ƙera ta ne tsakanin 1982 da 1993, ko autarsu ta haura shekara talatin. Fizibil ɗinta dogaye ne masu tsini biyu, fari ampiya 8, ja 16, shuɗi 25, kuma tsininsu yana yin tsatsa ko da ba su ƙone ba. A fara jujjuya kowanne a mazauninsa, a goge bakin, a matse ƙarafan da ke riƙe shi.

In bai daina ba, akwai rele guda, ɗan akwatin da ke kunna wuta da kashe ta, kusa da akwatin fizibil da ake kira N10, wanda ya haɗa sigina, detires, jinkirin abin share gilashi da ɗumama gilashin baya. Haɗuwar alamun nan biyu shi take nunawa. Dalmar da ke allon cikinsa takan tsattsage saboda tsufa, zafi ya buɗe tsagar, sanyi ya rufe ta. Mai gyaran rediyo da ya iya hannunsa zai sake narka ta. Masu Golf 4 kuma su sani nasu santaral a cikin maɓallin detires yake, maɓallin ake canzawa gaba ɗaya.

Mota ta lalace mini da dare bayan Dogon Dutsi, na bar detires a kunne. Da asuba batir ya mutu. Batir ɗin ne ba shi da kyau?
*Matafiyi, Yamai*

Ba lallai ba ne, Malam. Ƙwai huɗu masu wat 21 da biyu masu wat 5 sun kama wat 94, kusan ampiya 8 duk lokacin da suka haska. Da yake rabin lokaci suke a kunne, ka ce ampiya 4 kowace awa. Cikin awa takwas an zuƙe sama da ampiya-awa 30 (Ah, ma'aunin abin da batir ke ɗauka), alhali batir ɗin ƙaramar mota 45 zuwa 60 yake ɗauka yana sabo. Abin da ya rage ba lallai ya juya inji ba.

Kunna detires da ka yi daidai ne, shi ne aikinsa. Amma in zaman zai yi tsawo, a tura motar ta sauka daga kwalta gaba ɗaya, a ajiye alamar nan mai kusurwa uku aƙalla mita 30 a baya, a ƙara nisa in akwai kwana ko tudu, fasinjoji su koma gefe nesa da titi. Sai motar ta bar hanya sannan za a iya kashe detires, a riƙa kunna shi in an hango fitilar mota tafe. Wanda ya jera rassan itace ko duwatsu ya kwashe su kafin ya tashi, domin mai babur da ke zuwa cikin duhu shi yake cin karo da su.

Muna kuma roƙon direbobi su bar kunna detires a mararraba da nufin wai za su miƙe. Wanda ke gefenka ɓangare guda kawai yake gani yana ƙiftawa, sai ya ɗauka kwana za ka yi ya shigo gabanka. Kuma a motoci da yawa, muddin detires na kunne, komodo ba ya iya nuna hagu ko dama. Batir ɗin da ya kwana a mace a kai shi caji a hankali na awoyi, a bar shi ya huta, sannan a auna. In ya kasa riƙe volt 12.4, lokacin canza shi ya yi.